Bagudo: Murhu Yana Nan Daram, Hayaƙinsa Ne Ya Kamata Ya Sami Mafita

Da zarar an gama yankan shinkafa a fadamun bakin Kwara, iskar hunturu ta fara busowa, babu abin da ke yawaita a ƙasar Bagudo ta jihar Kebbi kamar wuta. A Illo da Lolo da Zagga da Ka'oje da Tsamiya, mata na turara shinkafa a cikin rabin durom, masunta na bandar kifi, gidajen da aka yi haihuwa na dafa ruwan wankan jego safe da yamma, tsofaffi kuma na jawo kaskon garwashi kusa da shimfiɗa saboda sanyin asuba. Haka abin yake a tsallaken iyaka, a Segbana da Malanbil ta Jamhuriyar Benin, domin murhu iri ɗaya ne, itace iri ɗaya ne, sau da yawa ma dangi ɗaya ne iyaka ta raba. Duk wanda ya san wannan ƙasa ya san ba bana ba, ba baɗi ba, ba za a daina girki da itace ba. Tunda haka ne, abin da ya rage a hannunmu shi ne hayaƙin: ta ina zai fita, kuma wa zai riƙa share masa hanya. Ra'ayina shi ne duk kuɗin da hukuma za ta kashe a wannan fanni ya fi cancanta ya tafi ga koyar da sana'ar gina murhu mai bututun hayaƙi, da sana'ar gyara shi da share shi, fiye da sayo murhunan kamfani a raba wa mata a bainar jama'a a watse.

A fara da irin ɓarnar da hayaƙin ke yi, domin sabo ya sa ba ma ganinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda mafi yawanta daga girki da itace da gawayi da kara da kashin dabbobi take fitowa, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, daga cikinsu akwai yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Hukumar ta ce kusan rabin yaran da limoniya ke kashewa a wannan shekarun, hayaƙin gida na da hannu a mutuwarsu, manya kuwa yana kai su ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da toshewar huhu. Ba sai an je asibiti ba kafin a ga shaida. A shiga madafar da aka shekara biyu ana girki a cikinta a ɗaga kai sama: kwanon rufi ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya na reto a jikin azara, in ka shafa bango hannunka zai dawo da maiƙo mai ɗanko. Wannan shi ne kason da ya sami abin maƙalewa. Sauran, wanda ƙwayoyinsa suka fi ƙarfin ganin ido, shi ne ya bi numfashin matar da ta durƙusa tana hura wuta da bakinta, da na jaririn da ke goye a bayanta, kansa daidai inda hayaƙin ya fi kauri. Idonta na hawaye, tana tarin da aka saba kira na hunturu, kuma ba wanda zai ce mata ba ta da lafiya, domin kowace mace a unguwar haka take.

Za a ce ai iyaye da kakanni da itace suka yi girki, suka kuma tsufa. Gaskiya ne da itace suka yi, amma ba a irin ɗakinmu ba. Bukkar da da ɗakin jinka suna numfashi. Hayaƙi na ratsa ciyawar rufi ya fice a hankali, akwai kuma rata tsakanin bango da jinka inda iska ke shiga. Yau duk wanda shinkafa ko fataucin kan iyaka ya buɗa masa, abin da yake fara yi shi ne ya rushe ginin ƙasa ya ɗora bulo da kwano, ya sa ƙofar ƙarfe da taga mai murfi. Madafar kuma, da yake ba ta cikin lissafin ado, ita ake matsewa a lungu, a rufe ta ruf ba ko taga. Murhun duwatsu uku dai shi ne na jiya, amma an saka shi a cikin akwati. Da rani ana fitowa tsakar gida a yi girki, wannan na rage cutarwa ƙwarai, sai dai da damina ruwa na kora mata ciki, da hunturu kuma iska da ƙura. Sannan kada a manta, kakannin da muke kafa hujja da su waɗanda suka rayu ne. 'Ya'yan da suka binne suna jarirai da ciwon haƙarƙari ba su zo sun ba da nasu labarin ba.

Akwai kuma wanda ya fi hayaƙi saurin kisa, shi ne kaskon gawayi a ɗakin da aka kulle. Mutane na ganin in garwashi ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, to ya zama lafiyayye. A daidai wannan lokacin ne yake fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau fiye da 200. Wanda ke farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da mutuwar jiki. Wanda ke barci kuwa ba ya jin komai. Shi ya sa in aka wayi gari mutanen ɗaki ɗaya duk sun galabaita lokaci guda, kafin a zargi abincin jiya ko a ce iska ce ta shige su, a fara buɗe ƙofa da taga, a fitar da su fili, a nufi asibiti. Ɗakin mai jego ya fi kowane shiga wannan haɗari, don shi ne ake toshe kowace kafa saboda tsoron sanyi, a kuma kwana da wuta, ga jaririn da huhunsa bai yi ƙwari ba. Ana iya ɗumama ɗaki da yamma, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo. Hukuncin janareto a zaure ko a bakin taga ma ɗaya ne.

Masu ilimin zamani za su ce duk wannan faci ne, maganin gaskiya shi ne gas. Ba na musun cewa gas ya fi kowane murhun itace tsafta, kuma wanda ke da hali ya saya. Amma a ƙarshen 2024 cika tukunyar gas mai kilo 12.5 ya haura naira dubu 15, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira dubu 70, kuma mafi yawan mutanen karkarar Bagudo ba albashi suke ɗauka ba. Ga nisan wurin cikawa. Garuruwan kan iyaka sun ɗanɗana yadda umarni ɗaya daga Abuja ke iya yanke musu makamashi: an rufe iyakokin tudu a Agustan 2019, a Nuwamban shekarar kuma hukumar kwastan ta hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Macen da ta ga haka ba za ta rushe murhunta ta dogara da abin da sai mota ta kawo ba. Ko a biranen da gas ya wadata, ba kasafai ake dafa wake ko ruwan jego ko abincin biki da shi ba. Shi kuwa rabon murhu daga sama, an gwada. A Nuwamban 2014 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwangilar naira biliyan 9.2 don sayo murhunan zamani 750,000 a raba wa matan karkara, maganar ta ƙare a cece-kuce. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsafta, abin a yaba, amma yaron da aka haifa a Lolo bana zai gama shekarun da limoniya ta fi kisa kafin wannan manufa ta iso madafar uwarsa.

To me bututu ke iya yi? Gwajin da ya fi shahara an yi shi ne a tsaunukan Gwatemala, a gidaje 534, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kirk Smith, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2011. An gina wa wasu gidaje murhu mai bututu, aka bar wasu da wutarsu ta fili. Hayaƙin cikin madafa ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, abin da yara ke shaƙa ya ragu da kusan rabi, limoniya mai tsanani kuma ta ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren: jimillar limoniyar da likitoci suka tabbatar ba ta ragu yadda aka yi fata ba, domin bututu ba ya kashe hayaƙi, waje yake kai shi, wani kuma ya dawo ta ƙofa ko ya shiga gidan maƙwabci. Duk da haka, a ƙasar da kai yaro asibiti ke iya nufin hawa kwale-kwale ko doguwar tafiya a kan babur, rage ciwo mai tsanani da kashi ɗaya cikin uku rayuka ne masu yawa.

Gwaji na biyu shi ne ginshiƙin maganata. A jihar Odisha ta Indiya, masana uku, Rema Hanna da Esther Duflo da Michael Greenstone, sun bi diddigin kimanin gidaje 2,600 a ƙauyuka 44 har tsawon shekara 4, bayan wata ƙungiya ta gina musu murhunan laka masu bututu a farashi mai rahusa. A shekarar farko hayaƙin da masu girki ke shaƙa ya ragu. Daga nan amfanin ya yi ta zagwanyewa har ya ɓace, lafiyar mutane ba ta canja ba, itacen da suke ƙonawa ma bai ragu ba. Dalili kuwa a fili yake: murhu ya tsage ba a yaɓe ba, bututu ya toshe ba a share ba, mata suka koma tsohon murhunsu. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa murhu mai bututu ɓata kuɗi ne. Ni abin da na karanta a ciki shi ne cewa an ba mutane kaya ba a bar musu mai gyara ba. Bahaushe ya san wannan daga ginin soro: komai ƙwarewar magini, in ba a yi yaɓe ba, ba a buɗe indararo kafin damina ba, ruwa zai kwanta ya rushe ɗakin, kuma ba wanda ya taɓa cewa don haka a daina gina soro. An dai sanya wa aikin lokaci, an san masu yinsa, an san ladansu.

Kula da bututu ba wani ilimi ne mai zurfi ba, amma yana da ƙa'ida. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In aka tura shi wuta, zafin da ya kamata ya tafi gindin tukunya sai ya ƙare wajen busar da shi, wutar ta yi sanyi, hayaƙi ya yi kauri. Wannan hayaƙin in ya hau bututu ya tarar da ƙarfe mai sanyi, sai ya daskare ya zama kwalta, toka ta manne a kai, ramin ya yi ta ƙuntata. Mai girki za ta gane da kanta: wuta ta daina ja, hayaƙi na dawowa ta bakin murhu, tuwon da ke nuna da wuri ya fara jan lokaci. Maganin shi ne, da safe kafin a hura wuta, a bubbuga bututun da sanda a hankali, a zura doguwar gora mai tsumma ko buhu a kai daga sama zuwa ƙasa, a kwashe abin da ya zubo. A gidan da ake girki sau uku a rana, bai kamata a wuce mako biyu ba a yi haka ba. A bar wata 'yar ƙofa a gindin bututun don kwasar dattin, in ba haka ba sharar za ta zama aikin rushewa. Bakin bututun ya zarce tsinin rufi, a sa masa hula saboda ruwan sama da sheƙar tsuntsu. Tsagar jikin murhu a cike ta tun tana ƙarama da laka da aka cuɗa da ƙaiƙayi. Itace a faskara shi, a jera a kan duwatsu ya sha iska tun kafin a buƙace shi. Sannan a daina kunna wuta da leda da tsohon silifa, al'adar da ta zama ruwan dare. Hayaƙinsu guba ne, kuma yana ƙara wa bututu ɗanko.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na gobara. Mai jinka zai ce bututun ƙarfe mai zafi a tsakiyar busasshiyar ciyawa ai kiran wuta ne, kuma ya yi gaskiya. Kwaltar da ta taru a bututu ma kanta tana iya kamawa ta yi ta feso tartsatsi. Amsar ita ce a ɗakin jinka bututu ta bango zai fita, ta cikin kauri na laka, ya miƙe sama nesa da bakin ciyawa, ko kuma a gina shi gaba ɗaya da tubali. Inda hakan bai yiwu ba, a haƙura da bututu a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna can sama kusa da rufi. Amma a auna wannan haɗari da wanda ake ciki yanzu, inda harshen wuta ke fili, yaro mai rarrafe na iya faɗawa, gefen zane na iya kamawa, iskar hunturu na ɗaukar tartsatsi ta kai shi jikin zana ko rumbu. Tokar da aka kwashe da safe aka zuba a gindin danni tana iya ɓoye garwashi mai rai na sa'o'i masu yawa. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a gobarar dare a wata makarantar allo a Kaura Namoda, rahotanni kuma sun danganta ta da tarin kara da aka ajiye a wurin. Garuruwan iyaka suna da ƙarin nasu haɗarin, wato fetur a jarka da kwalabe, wanda sau da yawa a cikin gida yake kwana. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da wuta a inda take. Gobarar rumbun fetur a Seme-Krake, a kudancin wannan iyaka tamu da Benin, ta kashe fiye da mutum 30 a Satumban 2023. Mai cewa gobara ƙaddara ce ya tuna cewa Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani gida da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin a kwanta.

Batun cewa hayaƙi na korar sauro ba ya buƙatar dogon jawabi. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Nijeriya, inda aka sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada, alhali jiha ce da galibin gidajenta da itace suke girki. Da hayaƙi na kariya, da ba haka lissafin zai kasance ba. Gidan sauro mai magani ne ke wannan aiki. Irin shuka da ake ratayewa a saman murhu don kada ƙwari su ci kuwa, wannan amfani ne na gaske, amma 'yan damman gero ko zangarniyar masara ba sa buƙatar a turnuƙe ɗaki kullum. Ana iya yi musu rataya a rumfar banda.

Waɗanda za su yi aikin suna nan cikin gari. Akwai magina, akwai masu ginin tukwane da suka san wace laka ce ke jure wuta, akwai maƙeran da ke lanƙwasa kwano su yi bokiti da mazurari a kowace kasuwa. Abin da ya rage shi ne ƙaramar hukuma, da taimakon gwamnatin jiha, ta ɗauki mutum biyu ko uku daga kowace gunduma, a haɗa da mata tunda su ne ke iya shiga cikin gida ba tare da an nemi izini mai tsawo ba, a koya musu awo da gini da shara, a bar su su riƙa karɓar ladansu daga masu gida kamar yadda mai gyaran rijiya ke karɓa. Ba sai an je nesa neman samfuri ba. A Nijar an daɗe da sanin murhun ƙarfe na Mai Sauƙi mai rage cin itace. A arewacin Benin, a ƙauyukan da ke kewaye da gandun dajin Pendjari, mata na gina murhun laka mai bututu da ake kira Wanrou. A Malanbil, cibiyar AfricaRice ta kafa wa mata masu turara shinkafa ingantattun tukwane da murhu masu rage itace da hayaƙi. Masu bandar kifi kuma suna da darasi a tandun Chorkor da aka ƙirƙira a Gana wajen 1969, wanda ake jera faifan kifi a kan juna don wuta ɗaya ta yi aikin da yawa. Fatake na kai albasa da shinkafa da shanu tsakanin waɗannan kasuwanni kowane mako. Tura magina goma su je su gani da idonsu bai kai kuɗin taron ƙaddamarwa guda ba.

Sai kuma lokaci da mai tunatarwa, waɗanda rashinsu ne ya kashe aikin Odisha. Nan ne sarautar gargajiya ta fi kowace ma'aikata amfani. In Masarautar Gwandu ta umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni cewa kowace shekara, bayan kaka kafin hunturu ya kankama, a yi shelar makon duba madafa, limamai su ambata a huɗubar Juma'a, ma'aikatan duba-gari su zaga suna nuni ba suna cin tara ba, cikin 'yan shekaru abin zai zama al'ada. Dole kuma maganar ta isa kunnen maza, domin mai shaƙar hayaƙin ba ita ce ke yanke shawarar gini ba. Maigidan da ya iya sayen bandir na kwano don ɗakinsa zai iya sayen falle ɗaya a naɗe masa bututu, ya biya magini yini guda ya fasa taga a madafa. Ita kuwa hukuma ta fara da wuraren da tukunya ta fi girma kuma idon jama'a ke kai: madafun makarantun kwana, tsangayu, rumfunan masu tuwo-tuwo a tashar Tsamiya da ta Lolo, da wuraren da mata ke haɗuwa su turara shinkafa. A rubuta sunan wanda zai riƙa share kowane bututu tun ranar da aka gina shi, a sa ladansa cikin kasafin shekara, a kuma dawo bayan damina biyu a ƙirga nawa ne har yanzu ke jan hayaƙi.